MR2 tana tafasa a baya, lagireto a gaba kuma sanyi ƙalau: iska ce, ga yadda ake fitar da ita

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har sau biyu, bari in ɗan maimaita ta saboda masu karantawa su san inda aka dosa. Kace ka sayi Toyota MR2 ƙirar 1991 wadda ba turbo ba, daga Jamus ta shigo, ta yi watanni lafiya lau, sai wani tiyon ruwa ya tsage a baya, bakanikenka ya canza shi, ya zuba ruwa ta murfin da ke wajen inji har ya cika ya rufe. Tun daga ranar in kayi tafiyar minti 15 sai allurar zafi ta haura, wani lokaci ta faɗo da kanta, fankokin gaba basa tashi, in ka taɓa lagireto kaji shi da sanyi, kuma kana jin ƙarar ruwa ƙulul ƙulul ta bayan dashbod. Yanzu bakaniken yace a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa sai inji ya yi zafi ya buɗe masa hanyar lagireto, a haɗa fanka dairek, kana tambaya ko ka yarda.

Kar ka yarda. Kuma dan Allah ka ajiye motar tukuna, ko nan da bakin titi kar ka sake hawanta sai an yi abin da zan faɗa maka, domin injin 3S-GE da ke cikinta gangar jikinsa ƙarfe ne amma kansa alminiyom ne, shi kuwa alminiyom baya ɗaukar wulaƙancin zafi, sau biyu sau uku in ta tafasa sosai kan zai lanƙwashe gasket ɗin da ke tsakaninsa da gangar jikin ya tafi, aikin da bai wuce na yini ɗaya da ɗan kuɗin kulan (ruwan sanyaya inji) ba sai ya koma sauke kan inji.

Abin da ke damun motarka iska ce ta maƙale a hanyar ruwa. Bakanikenka ba mugun nufi gare shi ba, ya yi mata yadda ake yi wa Fijo 504 ne ko tsohuwar Corolla, inda inji da lagireto suke manne da juna, murfi yana saman lagireto, ka zuba ya cika ka rufe shikenan. MR2 ba haka aka gina ta ba. Tun ta farkon da Toyota ta fitar a 1984, da irin taka da ta biyo baya a ƙarshen 1989, injin yana bayan kujeru ne, lagireto kuma yana can hancin mota, tsakaninsu akwai dogayen bututai guda biyu da suka bi ta ƙarƙashin mota, ɗaya yana kai ruwan zafi gaba ɗaya yana dawo da mai sanyi. Bayan su kuma akwai wasu ƙanana biyu na hita, su ma daga inji suke tasowa su bi ƙasa su hau bayan dashbod. To ka zana wannan a ranka: tudu a baya wato inji, kwari a tsakiya, sai tudu biyu a gaba, saman lagireto da hita. Murfin zuba ruwa kuma guda ɗaya ne tak, yana baya, lagireton ba shi da murfi kwata kwata. In ka kwarara ruwa ta baya da sauri sai ya sauka ya cika kwarin ya toshe hanya, iskar da ke cikin lagireto da hita ta rasa ta inda za ta fita, ruwa ya taso wuyan murfi kaga kamar ta cika alhali gaba duk fanko ne. Motar nan in an zazzage ta tas tana shan sama da lita 12, kusan ninki biyu na ƙaramar mota. Ka tambayi bakaniken lita nawa ya zuba, zan yi mamaki in bai ce maka galan ɗaya da ɗan wani abu ba.

Duk alamomin da ka lissafa daga nan suka fito. Famfon ruwa na inji fuka-fukai ne ke juyawa, ruwa yake iya turawa, in ya haɗu da iska sai yayi ta juyawa a banza, shi yasa lagireto yake sanyi inji yana ƙonewa. Fankokin gaba kuma abin da ke gaya musu su tashi yana jikin lagireton ne, ba a jikin inji ba, to tunda ruwan zafi bai iso ba su a wajensu komai lafiya, ba lalacewa suka yi ba, kuma ko ka haɗa su dairek suna ta hura lagireton da babu ruwan zafi a cikinsa me aka yi kenan. Allurar da kake gani tana hawa tana sauka, sensan da ke auna zafi ne wani lokaci ruwa ya taɓa shi wani lokaci tururi. Wani abu kuma da ya kamata ka sani game da allurar nan, an yi ta ne ta zauna a tsakiya ko zafin ya ɗan ƙaru ko ya ɗan ragu, to duk sanda ka ga ta motsa ta bar tsakiya ba yanzu zafin ya fara ba, ya riga ya yi nisa. In ka lura ma wataƙila silo ɗinta, wato juyin inji a tsaye ba a taka totur ba, yana hawa yana sauka da kansa, shi ma sau da yawa iskar ce take ruɗa kwakwalwar motar. Ka gwada kunna hita, iska mai sanyi za ka ji ko mai ɗumi ɗumi, mu nan ba mu damu da hita ba sai lokacin hunturu, amma a wannan motar hita ita ce babbar shaidarka.

Toyota ta san da wannan matsalar tun a zane, shi yasa ta saka bawul biyu na fitar da iska a gaba. In ka buɗe bonet ɗin gaba ka fitar da sifiya, wato tayar ajiya, ka cire robobin da suka rufe wajen, ɗaya yana kusurwar saman lagireto, ɗayan yana jikin bangon da ke bayan sifiya inda bututan hita suka shiga, a jikin bawul ɗin hita. Kowanne yana da ɗan hanci da ake cusa tiyo. Har da siraran tiyo guda biyu motar take zuwa da su daga kamfani a naɗe a wajen sifiyar, amma mota mai shekara sama da 30 da wuya ka same su, in ma suna nan sun bushe. Ba matsala, ka je wajen masu kayan gini ka sayi farin tiyon nan mai nuna ciki da magina suke ɗaukar lebur da shi, ka zaɓi wanda zai kama hancin bawul ɗin tsam, ka yanko guda biyu kowanne kamar mita ɗaya da rabi. Kuma wallahi aikin ma iri ɗaya ne da na maginan, yadda suke cika tiyo da ruwa su kai baki ɗaya wannan kusurwa ɗaya waccan, ruwa ya tsaya daidai a duka biyun, haka za ka yi da motar, wuyan murfin baya shi ne baki ɗaya, tiyo biyun gaba su ne sauran.

Ka bar motar ta kwana ta huce sarai. A kan siminti mai lebur za ka yi, kar ka yi a gangaren ƙofar gida. Wasu suna ɗaga bayanta da jak kaɗan don murfin ya ƙara tsawo, ban hana ba, in iskar ta yi taurin kai nima ina yi, amma abin da ba a yi shi ne hancinta ya fi bayanta tsawo. Ka kai hita ƙarshen zafi, in taka mai maɓallin lantarki ce ka murɗa makulli ka kai ta HOT ka ɗan jira kafin ka kashe, sannan ka leƙa gaba ka tabbatar hannun bawul ɗin ya motsa da gaske, don na sha ganin wayar ta zame a ciki ana ta fama hita a rufe. Ka cire murfin baya. Ka cusa tiyo a hancin bawul biyun, ka ɗaga bakunansu sama ka ɗaure a jikin bonet da igiya ko salatif, su miƙe sama sosai su fi murfin baya tsawo, kar su lanƙwashe kar kuma su yi ciki a tsakiya, in tiyo ya yi ciki ruwa zai kwanta a wajen ya toshe iska, ka dawo gidan jiya. Sai ka kwance bawul ɗin kamar zagaye uku kowanne. A hankali dan Allah, roba ce ta tsufa, da hannu ko babban sukundireba mai faɗi, in ta ƙi ka fesa mata ɗan mai ka jira, kar ka sa filaya ka murɗe da ƙarfi, in kan ya karye samunsa a nan aiki ne.

Daga nan sai zuba ruwa, kuma nan ne duk aikin yake. Ka sa mazurari a wuyan murfi ka riƙa zubawa siriri kamar mai zuba man gyaɗa a kwalba, in ya taso wuya ka tsaya, za ka ga ya yi ƙasa da kansa yana ɓulɓulo kumfa, ka ƙara, ka tsaya, ka ƙara. Da farko zai riƙa sha da sauri, can sai ya koma kofi ɗaya a minti biyu uku, a nan ne mutane suke gajiya suce ta cika. Bata cika ba. Ka sa yaro ya tsaya a gaba yana kallon tiyo biyun, za ku ga ruwa ya fara hawowa da kumfa a tsakaninsa, kumfa ta fita ruwan ya sake faɗawa, ka ƙara a baya. Kana iya matsa manyan tiyon roba na wajen inji da na lagireto da hannu kana saki, yana taimakawa ƙwarai wajen tunkuɗo iskar da ta lafe. Abin da kake jira shi ne ruwan da ke cikin tiyo biyun ya tsaya cak a tsawo ɗaya da wuyan murfin baya, babu kumfa a ciki, kuma in ka bar shi minti 10 bai sauka ba. Ni nakan ba wannan matakin rabin awa zuwa awa guda, in je in yi wani aikin in dawo in ƙara, ban taɓa nadamar jiran ba. Ka riƙa ƙirga litar da ta shiga, zai yi maka amfani.

In ka ga ɗaya tiyon ruwa ya hau ɗayan shiru, yawanci na hita ne, kar ka ce ai ba komai. Ko dai hitar bata buɗe ba, ko ɗan ramin hancin bawul ɗin ya toshe da tsatsa, ka cire tiyon ka zura siririyar waya ka buɗe shi. In har yanzu shiru ka samo babban sirinji ka ja iskar ta bakin tiyon. Da baki kar ka zuƙa, na san yaran gareji suna yi kamar yadda suke zuƙo fetur, amma kulan guba ne, yana kashe ƙoda, kuma abin haushin yana da zaƙi zaƙi. Saboda haka ma wanda ya zube a ƙasa ka wanke shi, tsohon da ka tara kar ka bar shi a buɗaɗɗen bokiti inda akuya ko kyanwa ko ƙaramin yaro zai kai baki.

To in lebur ya daidaita sai ka ɗaure bawul biyun, da hannu kawai, ya zauna ba sai ka matse kamar notin taya ba, ka cire tiyon. Murfin baya yana da tsayawa biyu in kana murɗa shi, ka kai shi ta farko kawai, wato ya kama amma bai matse ba. Ka tada inji ka ɗan riƙe totur sama da silo kaɗan na kamar minti 3, ka kashe. Ka buɗe ka duba, za ka tarar ruwa ya sauka domin famfo ya kwaso iskar da ke lungunan inji ya kawo ta wuya. Ka cika, in ya sauka da yawa ka mayar da tiyon gaba ka sake buɗe bawul ɗin ka bar su su yi numfashi, ka rufe, ka sake tadawa minti 3. Haka za kayi ta yi har sai ka buɗe ka tarar bai motsa ba, wata motar sau biyu ya isa wata sai sau biyar. Minti ukun nan da gangan ne, ana so ruwa ya zagaya amma kar ya yi zafin da zai hana ka buɗe murfi. Akwai masu barin bawul a buɗe inji yana aiki, ni bana yi, domin in ka taka totur famfo yana iya janyo ruwan tiyon ya ƙare ya biyo da iska, ka fitar ta ƙofa ta dawo ta taga.

Sai ka matse murfin har ƙarshe, ka cika robar ajiyar ruwa da ke gefe zuwa layin FULL, ka tada ta ka bar ta tayi zafi a tsaye kana zaune kusa idonka a kan allura. Tamostat ɗinta yana fara buɗewa ne a digiri 82, in ya buɗe za ka ji tiyon da ke shiga lagireto ya ɗau zafi, sannan lagireton kansa ya ɗume daga wannan gefe zuwa wancan, hita ta riƙa busa zafin da ba za ka iya barin hannunka a kai ba, can kuma fankoki su tashi su yi ɗan lokaci su mutu da kansu. Kar ka damu in fankar ta daɗe bata tashi ba, ruwan yana da yawa kuma dogayen bututan ƙasa su ma suna rage zafi, in dai lagireto ya yi zafi allura tana tsakiya to lafiya. In kuwa allura ta fara haurawa lagireto yana sanyi, kashe nan take, ka jira ta huce ka koma kan tiyo biyun.

Maganar jira ta huce ɗin nan da gaske nake. Murfin motar yana riƙe matsi kusan 0.9 a ma'aunin bar, wannan matsin ne yake hana ruwa tafasa a digiri 100 ya kai shi kusan 120, to in ka buɗe da zafi matsin ya tafi lokaci ɗaya, ruwan da ya wuce 100 sai ya zama tururi a take ya yi tsalle. Kuma a MR2 murfin yana daidai inda mutum yake sunkuyar da fuska. Akwai yaron da ya taɓa aiki a hannuna, mai hankali ne ƙwarai, mai mota yana tsaye a kansa yana azalzala ya sa tsumma ya buɗe, tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu fata ta saɓule, har yau tabon yana nan kuma har yau abin yana damuna don ina wajen ban hanzarta hana shi ba. In babban tiyo yana da tauri in ka matsa, ko ba za ka iya riƙe shi ba don zafi, ba a buɗewa.

In komai ya tafi daidai ka zaga da ita cikin unguwa minti 10 zuwa 15 da hita a kunne, ka dawo ka ajiye ta kwana. Da safe kafin ka tada ka buɗe murfin ƙarfen ka duba, ruwa ya kasance a wuya, ka duba robar ajiya ma. Kwana uku a jere kana haka. Ranar farko ka ƙara kofi ɗaya ko biyu ba abin tsoro bane, ragowar iska ce take fita. Ka lura, murfin ƙarfen za ka riƙa dubawa, robar ajiya tana iya zama a cike alhali inji babu ruwa, domin ita robar aikinta in ruwa ya yi zafi ya kumbura ya zubo mata, in ya huce inji ya zuƙe shi ya koma, to in murfin ya mutu ko siririn tiyon da ke tsakaninsu ya tsage, ko wanda ke cikin robar ya faɗi bai kai ƙasa ba, sai inji ya riƙa turo ruwa waje yana zuƙo iska a madadinsa, kullum kana bilidin, wato fitar da iskar, kullum iska tana dawowa. Na ga wadda aka juya tiyo biyun da ke kan murfin robar, aka sa na zubarwa a wajen na zuƙowa, mai ita ya canza famfo ya canza lagireto a banza. Ni shawarata ka sayi sabon murfi na asali mai 0.9 tun yanzu, shi ne abu mafi araha a duk hanyar ruwan kuma shi aka fi mantawa da shi.

Game da tamostat da ake so a cire. Na san abin da ya sa ake yi a garuruwanmu, ana ganin kayan ƙasar sanyi ne. Amma a injinan Toyota irin wannan tamostat ɗin aiki biyu yake yi, in ya buɗe hanyar lagireto yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ruwa yake zagayawa a cikin inji lokacin da yake sanyi. In ka cire shi gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, shi kuwa ruwa sauƙi yake bi, me zai kai shi tafiya har hancin mota ya dawo alhali ga hanya a kusa, kaga wani kaso mai yawa ba zai je lagireto ba. Ga kuma safiyar hunturu inji ya ƙi ɗumi, kwakwalwa tana ta ƙara fetur. In kana zarginsa ka ciro shi ka jefa a tukunyar ruwa a kan wuta ka ga ko yana buɗewa kafin ruwan ya tafasa, in ya mutu ka sa sabo. Wajen ɗaurawa akwai wani ɗan ƙaramin rami mai ɗan ƙarfe yana lilo a gefen tamostat, na wucewar iska ne, dole ya kalli sama daidai alamar da ke jikin gidansa, in aka juya shi ƙasa bilidin zai wahalar da kai. In bakanikenka ya saba da Fijo 406 ka tuna masa, ita ma ai tana da sukurorin fitar da iska kuma duk wanda ya ƙware a kanta ya san ba a cika ta a rufe haka nan, to wannan ma haka take sai dai tafiyar ruwan ta fi nisa. Haka Fiat X1/9 da Pontiac Fiero da Lotus Esprit, duk masu inji a tsakiya da lagireto a gaba, kowacce da irin nata wahalar iskar.

Ruwan da za ka zuba kuma, tunda ka riga ka buɗe aiki ni da za ka ji tawa da ka zazzage tsohon gaba ɗaya kafin ka fara fitar da iskar. Ban da magudanar lagireto akwai notin zubar da ruwa a jikin kowanne dogon bututu na ƙasa, sai ka cire robobin ƙarƙashin motar za ka gansu, akwai kuma ta jikin inji. Ka haɗa kulan da tataccen ruwa rabi da rabi, ko ka sayi wanda aka riga aka haɗa, jan nan na Toyota yana da kyau in ka samu na gaske, kuma kar ka gauraya kala biyu da baka san asalinsu ba. Ruwan rijiya da na bohol suna barin farin ƙasa a cikin lagireto kamar yadda kake gani a gindin butar shayi, ruwa zalla kuma yana cinye ƙarfe, mu ba ƙanƙara muke tsoro ba tsatsa muke tsoro, kuma motar da wasu bututanta suka bi ta saman tankin mai, in ɗaya ya huje sai an sauke tanki kafin a kai gare shi. In ka je sayen tataccen ruwa wajen masu batir ka faɗa musu a fili wanda babu asid kake so, kar kace ruwan batir kawai a miƙo maka mai asid.

Akwai na'urar da ake haɗawa da kwamfuresa ta zuƙe iskar hanyar ruwan gaba ɗaya sannan ta ja kulan ya shiga, in ka samu garejin da ke da ita tana rage aiki sosai, kuma tana nuna maka ko akwai yoyo don in akwai allurarta ba za ta tsaya ba. Ko da ita aka yi ni sai na sake dubawa da tiyo biyun.

Abin da ya rage shi ne wanda bana so ya kasance, amma dole in faɗa maka tunda kace ta haura sau da yawa. In kayi duk wannan yadda ya kamata, hita ta yi zafi, kwana biyu lafiya, sannan iska ta dawo, ka sake yi ta sake dawowa, murfi sabo ne kuma babu ɗigo a ƙasa, to ba ragowar iskar zubawa bace, inji ne yake hura hayaƙinsa cikin ruwa ta gasket. Yadda za ka gane, da safe inji da sanyi ka matsa babban tiyo kaji laushi, ka tada, in cikin minti ɗaya ko biyu ya yi tauri kamar taya alhali ruwa bai ko ɗumi ba, alama ce mai ƙarfi. Ko ka cire murfi da sanyi ka sa mazurari da ruwa a ciki ka tada, iskar da ta maƙale tana fitowa ne jefi jefi manya manya ta ƙare, ta gasket kuwa ƙanana ce a jere bata ƙarewa, in ka taka totur ta ƙaru. Ka kwance fulogi huɗun ka jera, in ɗaya ya fita fes kamar an wanke shi sauran da ɗan baƙi, ruwa yana shiga wannan silindar. Farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi a salansa bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, duk suna cikin alamomin, amma rashinsu baya wanke gasket, na ga da yawa da mai yake tas. Gwajin da ya fi yanke shakka shi ne na shuɗin ruwan nan da ake sawa a kwalba a kan wuyan murfi, in akwai hayaƙin inji a cikin ruwan sai ya koma ruwan ɗorawa.

Amma kar ka fara da tsoron wannan, yadda ka bayyana abin ya faro ne daga ranar da aka canza tiyo, kuma lagireto mai sanyi da ƙarar ruwa a dashbod sun fi kama da iska zalla. Ka yi bilidin ɗin a natse ranar da ba ka da inda za ka, sannan ka dawo ka faɗa min abu uku: lita nawa ta ƙara sha, hita ta yi zafi ko bata yi ba, da yadda babban tiyon yake minti biyu bayan ka tada ta da safe. In ka cire robobin ƙasa kuma ka ga wani waje a jikin bututan yana da busasshen fari ko ja ja kamar gishiri, ka ɗauki hotonsa ka turo, ta nan take tsatsafowa.